Katunan da Suka Dawo Gida

A unguwarsu kowa Anti Tafireta yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Aikinta ne ya jawo mata sunan. Shekara ashirin da takwas ta yi tana buga tafireta a wani ƙaramin kamfani mai shigo da injinan ban ruwa daga ƙasashen waje. Ofishin ɗaki biyu ne a saman bene, ƙasansa shagon fenti, don haka kullum cikin warin fenti ake aiki. Ɗaki ɗaya na manaja ne, ɗayan kuma nata ne ita da akanta da kabad uku na fayil. Teburinta yana jikin taga, kuma ban da bugun takardu, ita ce mai buɗe wasiƙu.

Wasiƙun daga masana'antu suke zuwa. Ta farke ambulan, ta zare takarda ta kai wa manaja, ambulan kuma ta jefa a kwando. Wata rana, a watanta na biyu da fara aiki, ta jefa wani ambulan sai ta sake miƙa hannu ta ɗauko shi. Kan sarkin da ke jikinsa hoton wani tsuntsu ne mai jan ƙirji a kan reshe, an zana shi da kyau har ana iya ƙirga gashin fiffikensa. Ta ga bai kamata wannan ya tafi bola ba. Ta sa almakashi ta yanke kusurwar, ta jefa a jakarta.

Kafin shekara ta zagayo ta cika gwangwanin biskit. Ba wanda ya koya mata yadda ake raba kan sarki da takarda. Da farko da farce take ɓamɓarewa, ta yaga fiye da goma. Ta gwada ruwan zafi, launi ya zube, hoton wani dattijo mai gemu da ke jikin kan sarkin ya koma shuɗi gaba ɗayansa. A hankali ta gano ruwa mai ɗan ɗumi ake zubawa a faranti, a bar kan sarkin ya saki don kansa, a shanya shi a kife a kan tsohuwar jarida, sannan a danne da littafi mai nauyi.

Akanta ya kasa gane kan abin. "Wannan da aka riga aka buga masa hatimi, me za ki yi da shi? Ko wasiƙa ba zai kai ba."

"Ai ya riga ya kai tasa," in ji ta. "Hutawa yake yi."

Masana'antar da suka fi hulɗa da ita tana wata ƙasa mai tsananin sanyi can arewa. Anti ta lura wasiƙunsu sun bambanta da na kowa. Sauran iri ɗaya suke mannawa shekara da shekaru, su kuwa kullum da sabo, an manna shi a miƙe tsaf. Ta ce a ranta lalle akwai mai zaɓa a can. Ran nan ta buga odar kayan gyara, manaja ya sa hannu, kafin ta liƙe ambulan sai ta yagi 'yar takarda ta rubuta da fensir, da Turancinta na makarantar koyon tafireta: "Zuwa ga mai manna kan sarki. Ina gani, kuma ina ajiyewa. Na gode." Sai da masinja ya sauka da wasiƙun sannan ta fara tunanin abin da manaja zai ce in ya sani.

Bayan mako biyar amsa ta zo, kuma aka yi rashin sa'a ranar ta je cire haƙori, manaja ne ya buɗe wasiƙu da kansa. Washegari ya kira ta. A kan teburinsa ga wani kati mai hoton gari a bakin ruwa, rufin gidajen fari fat da ƙanƙara.

"Malama, wa kika sani a masana'antar nan?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"To, ba kowan ya aiko miki da gaisuwa." Ya juya katin ya karanta a fili: "Ni ce mai mannawa. Ni ma tafireta nake bugawa. Shekara shida ina zaɓa, ba wanda ya taɓa cewa ya gani."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ita dai ta sunkuyar da kai, tana jira a ce ta tattara nata ya nata.

"Ki je ki kama akwatinki a gidan waya," ya ce, ya miƙo mata katin. "Kamfanin nan injin ruwa yake sayarwa, ba zumunci ba."

A makon ta kama akwati. Matar can ta sa adireshinta a wata mujalla ta masu musayar kati, sai ga wasiƙu suna zuwa daga inda ba ta taɓa jin sunansa ba: wani malamin makaranta daga Jafan, wata ma'aikaciyar jinya daga Burazil, wani matuƙin jirgin ruwa da kowane katinsa daga wata tashar yake fitowa. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In an aiko maka ka rama, kuma ka manna kan sarki mai kyau, ba wanda ya fara zuwa hannunka ba.

Ta dalilin abin ma ta sami miji. Matar can ta rubuto mata cewa ba a kama kan sarki da yatsa, maiƙon hannu yana ɓata shi, da hantsaki ake ɗauka. Ta zaga kantuna ba ta sami mai laushin baki ba, sai wata Asabar ta hango shi a hannun wani mai gyaran agogo a bakin tashar bas.

"Malam, wannan abin na hannunka nake so ka sayar mini."

"Wannan? To ni da me zan ci abinci?"

Ta yi masa bayani. Ya saurara da gilashin duba agogo maƙale a idonsa ɗaya, sannan ya ce ba zai sayar ba, amma zai ba ta aro, da sharaɗin ta riƙa kawo masa kowace Asabar don yakan buƙace shi. Shekara ɗaya da rabi tana kai hantsaki tana karɓowa. Sai bayan an yi auren ta buɗe akwatin aikinsa ta tarar da irinsa guda huɗu.

Shi ne ya raɗa wa matar can suna Mai Ƙanƙara, don ya ce sunanta na gaskiya sai ya karya masa harshe. In ya dawo daga tasha yakan tambaya tun daga ƙofa, "Mai Ƙanƙara ta gaishe mu, ko sai wani makon?" Shi ya kafa mata kanta mai hawa uku a ɗaki, ya kuma ba ta wani akwatin katako da yake ajiye agogunan da masu su ba su dawo ba, ya ce wannan na katunan Mai Ƙanƙara ne su kaɗai.

Matsala ɗaya ta taso tun da wuri. Katunan da ake sayarwa a gidan wayarsu iri huɗu ne kacal: gada, tashar jirgin ƙasa, ƙofar babbar kasuwa, da wani otal da ba wanda ta sani ya taɓa shigarsa. Cikin shekara biyu kowa ya sami gada sau biyu. Sai ta je wurin mai hoton unguwarsu ta ce ya riƙa ɗauko mata abin da ta nuna masa, ya wanke a takarda mai kauri. Ita kuma ta ja layi a tsakiyar bayan da rula, rubutu a hagu, adireshi a dama.

Ranar da ta fara kaiwa gidan waya, ma'aikacin kanta ya juya shi gaba da baya. "Anti, wannan ai hoto ne, ba kati ba."

"Kati mene ne in ba hoto ba?"

Ya ɗora a sikeli, ya buga hatimi.

Daga nan ba abin da ba ta aika ba: layin masu ɗiban ruwa a famfo, bas ɗin da take hawa zuwa ofis, rumfar maigidanta, bishiyar da ke bakin layinsu, har matakalar benen ofis. A baya takan sa kwanan wata da abin da ya faru a makon, layi biyar ko shida, don iyakar abin da wurin zai ɗauka ke nan. Sauran abokan musaya suna zuwa suna wucewa, wani shekara biyu, wani goma. Ita da Mai Ƙanƙara kuwa kati ɗaya kowane wata, ba fashi. Ba su taɓa haɗuwa ba, ba su taɓa jin muryar juna ba.

'Ya'ya uku Allah ya ba su. Ta farko mace, wadda ta zama malamar makaranta. Na biyu namiji, ya rasu yana ɗan shekara huɗu bayan zazzaɓin kwana uku. Auta kuma aiki ya kai shi wani gari mai nisa. Da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shigo ofisoshi, Anti ta koya ta yi shekara uku a kanta, sannan kamfanin ya rufe, aka ba ta tsohuwar tafiretarta ta tafi da ita gida. Bayan shekara biyu maigidan ya kwanta ciwo, bai tashi ba. A lokacin masu aiko da kati sun ragu sosai, kowa ya koma waya. Akwatin da a da sai ta sa hannu biyu take kwashewa, yanzu takan buɗe ta tarar da ƙura. Amma duk Talata sai ta je, kuma duk wata ga na Mai Ƙanƙara.

A shekara ta talatin da shida da fara musayarsu, katin ya daina zuwa. Wata ɗaya, wata biyu. Ta ci gaba da aika nata. A wata na biyar ta rubuta wasiƙa cikin ambulan tana tambaya ko lafiya. Shiru. Ba ta gaya wa kowa ba, amma 'yarta, wadda take zuwa duk ƙarshen mako, ta lura ta daina taɓa akwatin katakon.

A wata na takwas ta tarar da 'yar takarda a akwatinta, an ce ta zo kanta ta karɓi kaya. Ta kira 'yarta suka je tare. Kwali ne mai nauyi, an naɗe shi da salatif ta ko'ina, rubutun adireshin kuma ba na Mai Ƙanƙara ba ne. Tun a nan Anti ta sha jinin jikinta. Da suka iso gida, ta zauna a bakin gado ta ce a miƙo mata almakashi.

A sama akwai wasiƙa daga ɗan Mai Ƙanƙara. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu bayan ta sha jinya, kuma tun tana asibiti ta bar wasiyya cewa a mayar wa mai su da waɗannan, don a can ba wanda ya san wuraren ko mutanen da ke ciki. Ya ba da haƙurin jinkiri, ya ce kwashe kayan gidan ne ya ɗauke shi lokaci.

A ƙarƙashin wasiƙar katunanta ne, dukansu, ɗari huɗu da 'yan kai, an jera su bi da bi, kowace shekara an ɗaure ta da zare. Har da 'yar takardar nan ta fensir a gaba, da biyar ɗin ƙarshe waɗanda suka isa bayan mai karanta su ta tafi.

Anti ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Allah sarki. Ashe tsari gare ta har a gida." Ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi, ta daɗe a can fiye da yadda ruwa yake ɗauka kafin ya tafasa.

Kwana uku suka yi suna karantawa da rana a tsakar ɗaki, ita da 'yarta. Ta manta da yawancin abin da ta rubuta. Ga katin da ta ce ta sami wani mai gyaran agogo mai rowa. Ga wanda ta ce manaja ya yi mata faɗa don ta buga "injin" da harafi biyu a juye. 'Yar tata, malamar, ta ci karo da na watan haihuwarta, ta karanta a fili: "Na haihu, mace. Tana da kuka, kuma ta kwaso hancin ubanta. Muna fata za ta girma ta cike shi."

"Umma! Haka kika gaya wa duniya?"

"Mutum ɗaya na gaya wa. Kuma ai kin cike shi."

Da suka zo shekarar da yaron ya rasu, malamar ta nemi katin watan. Hoton gada ne, irin na gidan waya. A baya layi biyu ne kawai: "Ruwa ya yi yawa bana. Muna nan." Ta juya shi, ta sake juyawa.

"Umma, ba ki gaya mata ba?"

"A bayan kati? Duk wanda ya ɗauka sai ya karanta, tun daga kan mai buga hatimi." Ta karɓi katin ta duba. "Amma ta gane. Ban taɓa komawa gada ba tun da na fara na mai hoto, kuma ban taɓa yin layi biyu ba. Ɗauko mini akwatin katakon."

Ta lalubo amsar ba tare da wahala ba. Kati ne mai hoton fili da ƙanƙara, ba gida, ba mutum. A baya an rubuta: "Ba sai kin faɗa ba. Duk ranar da kika so, ina nan." Anti ta ce sai bayan wata bakwai ta iya rubuta mata, a cikin ambulan, kuma matar ba ta taɓa tayar da maganar ba in ba ita ta fara ba.

A cikin ɗaurin wata shekara suka sami hoton maigidan a rumfarsa, ya sunkuya a kan agogo, gilashi a ido, bai ma san ana ɗaukarsa ba. Duk hotunansa da ke gidan na zama ne a ɗakin mai hoto, ya ƙame kamar an sa masa sitaci. Malamar ta ce wannan ne babanta yadda ta san shi. Ta kai aka wanke guda biyu, ɗaya nata, ɗaya ta aika wa auta.

Labari ya bazu a unguwa. Shekara goma sha biyu da suka wuce an faɗaɗa babban titi, an rushe layin rumfunan bakin tasha da famfo da gidaje da dama, kuma ba wanda ya yi tunanin ɗaukar hoto kafin a rushe. Mutane suka riƙa sallama suna neman a nuna musu. Wata mata ta ga mahaifiyarta a layin famfo da bokiti a ka, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ta share hawaye ta yi godiya. Wani tsohon tela da wani tsohon direba, waɗanda suka shekara suna musu kan ko bishiyar bakin layi tana gaban shagon aski ne ko bayansa, suka zo tare. Kati ya nuna tana gefe. Suka fita kowa yana cewa ai abin da ya faɗa ke nan.

Anti ba ta hana kowa gani ba, sai dai doka ɗaya: a wanke hannu, kuma a kama ta gefe.

Bayan an kwana biyu ta ce wa 'yarta ta nemo mata kwali mai ƙarfi.

"Na me, Umma?"

"Na Mai Ƙanƙara zan mayar wa ɗanta."

Malamar ta ce, "Su ne fa mafi kyau a duk abin da kika tara. Shekara talatin da shida. Shi bai ma nema ba."

"Ni ma ban nema ba, aka kawo mini. Akwai ranar da ya fara tafiya a ciki. Akwai ranar da ya karye a kan keke, da ranar da ya kawo mata budurwarsa ta ce yarinyar ba ta cin abinci. Ni na riga na karanta. Shi fa?"

"To ki cire kan sarkin mana, ki bar masa katunan."

"In yayyage wa mata kati bayan ranta? A'a."

Mako guda ta yi tana jerawa, tana ɗaure kowace shekara da zare kamar yadda aka yi wa nata. Guda ɗaya ta riƙe, mai filin ƙanƙarar nan, kuma ta rubuta wa ɗan ta gaya masa ta riƙe, don kada ya ƙirga ya ga babu. Wasiƙar a tsohuwar tafiretarta ta buga ta, shafi ɗaya, ba kuskure ko ɗaya. A gidan waya ma'aikaciyar kanta ta kawo takardar da za a cike, ta tambaya me ke ciki, kuma mece ce darajarsa. Anti ta ce ta rubuta tsofaffin katuna, ta cike ɗaya gurbin yadda ta ga dama.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Kati ne mai hoton tashar jirgin ruwa. Ɗan ya ce shi da matarsa da 'ya'yansa sun karanta duka, kuma bai taɓa sanin mahaifiyarsa tana da ban dariya haka ba. Ya ce in ba damuwa zai so ya riƙa aiko mata da kati lokaci-lokaci, ko da yake shi bai iya ba.

Anti ta karanta sau biyu, sannan ta duba kusurwar dama ta sama. Ba kan sarki. Wata farar takarda ce da inji ya buga, lambobi kawai da layuka.

"Lalle bai iya ba," ta ce.

Ta zauna ta rubuta masa amsa a ranar. Ta yi masa godiya, ta ce ya aiko duk lokacin da ya so, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla: ya je kanta da ƙafarsa, ya ce a nuna masa abin da suke da shi, ya zaɓa da idonsa, kada ya bari inji ya zaɓa masa.

Yanzu shekarunta sun haura sittin, gwiwa tana damunta, ido kuma sai da tabarau mai kauri, don haka malamar ce take rubuta mata adireshi. Abokan musayarta bakwai suka rage, da ɗan Mai Ƙanƙara takwas. Katinsa na biyu ya zo da kan sarki na gaske, hoton wani kifi mai ɗigo-ɗigo, ya manna shi a karkace har gefe ɗaya ya leƙo waje. Ta nuna wa 'yarta ta ce wannan karon ba za ta yi magana ba, sai in ya sake.